Karkataccen Layin Gee's Bend

Matan Gee's Bend, ƙauyen jikokin bayi a lanƙwasar kogin Alabama a Amurka, da tsofaffin wandunan noma da buhuna suke ɗinka barguna. Ba su bin zane. Inda ƙyalle ya ƙare, nan layi ke karkacewa. A 2002 aka baje ayyukansu a Houston, a 2006 aka buga su a kan sarkin gidan waya.

Yau masu kwaikwayo kan sayi sabon yadi su yanka shi a karkace da gangan. Sun ɗauki kamanni, sun bar dalili. Ƙarancin yadi ne ya tilasta waccan dabara, ga sanyi yana jiran yara. Mai tarin ƙyallaye a akwati ta fi kusa da matan nan, ko da bargonta zai ci shekara biyar.