An Bar Jaki An Doki Taiki

Jama'a, cikin shekarar 1868 an yi wata shari'a a ƙasar Amurka wadda ya kamata kowane talaka ya ji labarinta, domin Shugaban ƙasa ne da kansa aka kai ƙara. Sunansa Andrew Johnson, asalinsa tela ne, ya hau mulki cikin 1865 bayan an harbe Shugaba Lincoln.

A lokacin nan an gama yaƙin basasa ke nan, an 'yanta bayi baƙar fata wajen miliyan 4. Cikin 1866 Majalisa ta yi doka don a ba su haƙƙinsu na 'yan ƙasa, Johnson ya ƙi sa hannu, sai da Majalisa ta rinjaye shi da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Ya kuma yafe wa manyan Kudu waɗanda suka yi tawaye, har ya mayar musu da gonakin da aka fara raba wa 'yantattun bayi.

To, akwai Ministan Yaƙi, Edwin Stanton, mai goyon bayan Majalisa. Don kada a taɓa shi, sai Majalisa ta kafa doka cikin 1867, cewa Shugaba ba shi da ikon tuɓe minista sai da yardar Majalisar Dattawa. Ran 21 ga Fabrairu 1868 Johnson ya sallame shi, shi kuwa Stanton ya ƙi fita, ya kulle kansa cikin ofis. Bayan kwana uku Majalisar Wakilai ta jefa ƙuri'a, mutum 126 suka ce a tuhumi Shugaba, 47 suka ƙi. Cikin watan Mayu Dattawa suka yanke hukunci, 35 suka ce ya yi laifi, 19 suka ce bai yi ba. Ƙuri'a 36 a ke bukata kafin a tuɓe shi, watau da ƙuri'a ɗaya tak ya tsira.

Ga ra'ayinmu. Majalisa ta yi daidai da ta nuna wa duniya cewa Shugaba bai fi ƙarfin doka ba, amma ta kuskure wajen zaɓen laifi. Cikin tuhuma 11 da aka rubuta, yawancinsu a kan kujerar Stanton ne. Mutanen da aka ƙwace wa gona fa, ina tasu ƙarar? Wanda duk ya taɓa zama a rumfa ya sani, in mai awo ya tauye mudu, kan mudun za a kama shi. In ka bar wannan ka ce ya kori yaronsa, ai 'yan kasuwa za su ce rigimar cikin gida ce. Haka ta faru. Dattawa bakwai na jam'iyyar masu ƙarar suka ƙi bin 'yan'uwansu. Dokar kanta an soke ta cikin 1887, cikin 1926 kuma Kotun Ƙoli ta ce tun farko ba ta bisa tsarin mulki.

Saboda haka 'yan'uwa, duk ran da kuka ji manya na shirin tuɓe wani babba, ku tambayi wakilanku, wane laifi aka rubuta? In abin da ya yi wa talakawa ne, ku tsaya musu tsayin daka. In kuwa rabon kujeru ne, ku matsa musu sai sun sa naku kukan a cikin takardar.