Kada A Yanke Wayar Baƙin Mai

Madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru duk a Jihar Neja suke, amma a Kontagora ƙaramin inji ne ke riƙe da abincin mai aski da mai cajin waya da mai niƙa da manomin rani. Ranar da inji ya ƙi tashi kuwa, a ja igiya har kafaɗa ta sage, sannan a ɗora shi a babur zuwa wurin bakanike. Shi kuma ya ja sau biyu ya ce, "Alhaji, ba ya kawo wuta, sai an canza kwayil."

Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Amma kwayil ne ya kamata a tuhuma daga ƙarshe, mu kuwa da shi muke farawa, saboda canza kaya ya fi bincike sauƙi.

Wutar irin wannan inji ba daga batir take ba. Akwai maganaɗisu a jikin filawil. Idan aka ja igiya ya gifta ta gaban kwayil, sai kwayil ya tura wa filogi wuta, tartsatsin ya kama fetur. Saboda haka da filogi ake farawa. A kwance shi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da inda fetur ya zuba, a ja igiya. Shuɗin tartsatsi na nufin wuta lafiya take, a nemi matsalar a kafireta. In bakin filogin ya yi baƙi ƙirin, kamar yadda ake gani a ƙananan janareto irin Tiger da ake cika wa baƙin mai a cikin fetur, a goge shi, a daidaita tazararsa zuwa milimita 0.7 ko 0.8, ko a gwada sabo.

Sauran bayanin yana ga wata siririyar waya da ta fito daga kwayil. Da zarar ta haɗu da ƙarfen inji, wutar ta zurare can, inji ya mutu. Ta nan makunni ke kashe inji. Ta nan kuma na'urar tsaron baƙin mai ke hana shi tashi a injinan Honda GX160 da 'yan China da aka kwaikwaya daga gare su. Wato injin da mansa ya yi ƙasa, da gangan yake ɗauke wuta. Har ma wanda aka ajiye a karkace, kamar injin ban-ruwa a gangaren bakin kogi, yakan yi haka alhali da mai a cikinsa. A zare wannan waya daga kwayil a sake gwadawa: in tartsatsi ya dawo, kwayil ba shi da laifi.

To, a nan ne nake da magana da wasu bakanikanmu. Sai su gano na'urar ce ta hana, maimakon su ce a ƙara mai ko a sauya ta, sai su yanke wayarta su naɗe da salatif. Inji ya tashi, mai shi ya yi ta sa albarka. Alhali duk man da GX160 ke ɗauka bai wuce lita 0.6 ba, kuma injin niƙa wuni yake yi yana aiki cikin zafi da ƙura. Ranar da man ya ƙone babu abin da zai tsayar da shi, sai dai a ji ya buga, a koma neman fistin da kwanrod. An gudu gara an faɗa gidan zago, a lokacin da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023.

Masu injin ma da nasu laifin. Wanda ya tsaya a kan bakanike yana cewa kwastomomi na jira, shi ya ba da ƙofar a yi masa aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Yaran gareji kuma abin da suka ga maigidansu na yi shi za su ɗauka sana'a, su tafi da shi Rijau da Mariga.

Iyayen gidan gareji, don Allah ku koya wa yara gwaji kafin canji. Kai kuma mai inji, duba baƙin mai kowace safiya a wuri mai daidai, kuma in an gama maka gyara ka ce a nuna maka wayar nan a haɗe kafin ka biya.