Awon Tutiyar Kwanon Rufi: Aikin da Ya Kamaci Makarantun Batsari da Safana

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa ta yau magidanci ba ya ganin ya gama gini sai ya ɗora kwano a bisa ɗakinsa. A da jinka da soron azara su ne rufin talaka da na basarake, amma shuci ya yi wuya, giginyar da ake fasawa a sami azara kuma ta ja baya. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ke gefen Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, akwai wani dalilin da ya fi wannan ɗaci. Hare-haren 'yan bindiga sun cinye gidaje da rumbuna masu yawa, kamar yadda ya faru a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari cikin watan Fabrairu na 2020. Wanda ya taɓa ganin yadda wuta ke lashe jinka, in Allah ya sa ya koma garinsu zai sake gini, ba abin da zai sa a gaba sai kwano.

To, irin wannan magidanci zai sayar da hatsinsa ko tumakinsa, ya nufi kasuwar Batsari ran Alhamis, ko ya wuce Dutsin-Ma ko birnin Katsina, ya tsaya gaban mai sayar da kayan gini. Zai lanƙwasa gefen falle da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙara, ya dubi sheƙi, sa'an nan ya yi ciniki. Duk wannan gwaji nasa kaurin ƙarfen kaɗai yake nuna masa. Abin da zai yanke hukunci a kan ko rufin nan zai ga jikokinsa, ko kuwa zai soma jan tsatsa kafin yaron da aka haifa a ɗakin ya shiga firamare, wani abu ne dabam wanda yatsa ba ya ji, ido kuma ba ya iya aunawa. Wannan abu shi ne shafen tutiya, wadda masana kimiyya ke kira zinki.

Shi kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka murje ya zama falle. Baƙin ƙarfe kuwa, muddin ya haɗu da danshi da iskar oksijin, sai ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa ba ta manne wa ƙarfe, ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, a ci gaba da ci har a huda. Don haka a masana'anta ake ratsa fallen ta cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin Salsiyas, ya fito da riga fara ciki da waje. Dabarar ta daɗe. Wani Bafaranshe mai suna Malouin ya bayyana ta a 1742, wani ɗan ƙasarsu kuma, Sorel, ya yi mata rajista a 1837.

Rigar nan aiki biyu take yi. Na farko, tana raba ƙarfe da ruwa da iska. Ita ma iska tana taɓa ta, amma abin da ke fitowa a kanta wata 'yar fata ce mai ruwan toka wadda ke mannewa ta rage saurin cin. Saboda haka dusashewar sheƙin kwano bayan damina ɗaya ba aibi ba ne, alama ce ta cewa tutiya ta kama aikinta. Aiki na biyu shi ya fi ban sha'awa. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin sakin ƙwayoyin lantarkin nan da ake kira ilektiron. Idan ƙusa ta huda kwano, ko wani abu ya karce shi har ƙarfen ya bayyana, ruwan sama ya jiƙa wurin, sai tutiyar da ke kewaye ta riƙa narkewa a madadin ƙarfen, wato ta zama fansarsa. Ɗalibi na iya ganin bambancin da idonsa in ya karce gwangwanin madara, wanda shafensa na kuza ne, ya karce guntun kwano, ya ajiye su wuri mai laima. Gwangwanin zai riga yin ja a daidai karcen, domin kuza ba ta fansar ƙarfe, hasali ma ƙara masa saurin lalacewa take yi.

Abin lura a nan shi ne, mai fansar wani da kansa ƙarewa yake yi. Kowace shekara tutiya tana raguwa kaɗan, kuma binciken masana ya daɗe da tabbatar da cewa, a wuri guda da yanayi guda, tsawon ran shafen yana tafiya ne daidai da kaurinsa. Wanda ya ninka wani kauri zai kusan ninka shi shekaru. Ana auna kaurin da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Masana'antu kuma suna da lambobinsu: Z275 na nufin giram 275 na tutiya a kowane murabba'in mita in an haɗa fuskokin biyu, wanda ya kama kusan maikiron 20 a kowace fuska, Z120 kuwa bai kai maikiron 9 ba. Silin gashin kan mutum ya fi duka biyun kauri nesa ba kusa ba. Ta yaya mai saye zai bambance su da ido? Ko zanen furannin nan da ake gani a jikin sabon kwano, wanda wasu ke ɗauka shaidar inganci ne, daga yadda tutiya ta daskare ya samo asali, girmansa bai nuna kaurinta ba.

Yammacin Katsina ya yi sa'a ta fuska ɗaya. Busasshiyar iska da nisa daga teku suna sa tutiya ta daɗe fiye da yadda take yi a Ikko ko Fatakwal, inda gishiri da laima ke cin ta. Amma wannan sa'ar ba ta kai ko'ina cikin gida ba. Rufin turken dabbobi, da na ɗakin da aka jibge takin zamani, da wurin da ƙura da ganye suka taru suna riƙe ruwa, da inda falle ya hau kan falle, duk wurare ne da siririn shafe ke saurin ƙarewa. Akwai kuma kwanon da ya sha gobara. Tutiya tana narkewa a digiri 420, wutar da ta ci ɗaki kuwa tana iya wuce haka, saboda haka fallen da aka tsamo daga toka aka miƙe da guduma sau da yawa ya riga ya rasa rigarsa, ko da ya yi kama da lafiyayye.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, makarantun sakandare na Batsari da Safana, da na Ruma da Runka da sauran garuruwan yankin, su mai da awon wannan shafe wani ɓangare na darasin kimiyyar sinadarai, kuma su yi shi da kwanon da ake sayarwa a kasuwanninsu. Dalili kuwa shi ne gwajin ba shi da wuya, ba shi da tsada, amsarsa kuma tana da amfani a gidan kowane ɗalibi.

Ga yadda ake yi. A yanki guntun kwano da almakashin maƙera, a daddale shi ya miƙe sarai, a daidaita shi ya zama santimita 10 tsawo, santimita 10 faɗi. An zaɓi wannan girman ne don ya zama kashi ɗaya cikin ɗari na murabba'in mita, lissafi ya zo da sauƙi. A wanke shi da sabulu don a kawar da maiƙo, a busar, a ɗora a sikeli, a rubuta nauyinsa. Sai a tsoma shi cikin asid ɗin haidirokilorik da malami ya sirka da ruwa, a cikin faffaɗan kwanon roba ko na gilashi. Nan take ruwan zai soma tafasa da kumfa kamar an sa masa wuta. Kumfan nan iskar haidirojin ce, wadda ke fita yayin da asid ke narkar da tutiya. Bayan ɗan lokaci sai tafasar ta lafa farat ɗaya, domin asid ya iso ga baƙin ƙarfe, wanda ba ya ci da sauri haka. A daidai wannan lokaci ake tsamo guntun da hantsaki, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a busar da shi sosai, a sake aunawa. Abin da ya ragu daga nauyin farko shi ne nauyin tutiya.

Alal misali, in nauyin ya ragu da giram 1.2, sai a ninka sau 100, a sami giram 120 a murabba'in mita. Mai son ya san kaurin sai ya tuna cewa kowane santimita kubik na tutiya yana da nauyin giram 7.14. Ya raba 1.2 da 7.14, ya sake raba abin da ya samu da santimita murabba'i 200, wato faɗin fuskokin biyu, zai tarar da kimanin maikiron 8.4. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya auna abin da ya fi gashi siranta da sikeli da rula kawai, kuma da wuya ya sake tambayar amfanin darasin nauyi da girma.

Ga mai nazarin halittu akwai wani abin mamaki a gefe. Guntun nan na kwano mai lamba Z275 yana ɗauke da giram 2.75 na tutiya, wato kwatankwacin duk tutiyar da ke jikin baligin mutum, wadda ba ta wuce giram 2 zuwa 3 ba. Jiki yana bukatarta don girma da warkar da rauni, shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa ba yara masu gudawa ƙwayar zinki tare da ruwan gishiri da sukari. Amma ta asibiti dabam, ta kwano dabam. Kunun tsamiya ko nono da ya kwana a bokitin da aka shafe da tutiya yana narkar da ita kamar yadda asid ke yi, ya jawo amai da ciwon ciki, mai walda kuma in ya shaƙi farin hayaƙinta yakan kwana da zazzaɓi.

Babu shakka za a sami masu ja da wannan shawara, kuma wasu hujjojinsu abin dubawa ne. Za a ce asid yana da haɗari a hannun yara. Gaskiya ne, amma shi ne dai asid ɗin da ɗalibai ke amfani da shi a gwaje-gwajen jarrabawar WAEC da NECO, sai dai na wannan aikin ya fi ƙarfi, don haka malami ne zai sirka shi, yana zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba. A sa tabarau da safar hannu, a yi aikin a fili ko gefen taga a buɗe, kada a kunna ko ashana kusa, domin guntu ɗaya mai kyakkyawan shafe yana iya fitar da kusan lita guda ta haidirojin, ita kuwa iska ce mai kama wuta. Za a ce kuma babu kayan aiki. Abu ɗaya ne mai ɗan tsada, wato sikelin da ke iya nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin ƙaramin nan mai aiki da batir da masu cinikin zinariya ke riƙewa. Ƙungiyar iyaye da malamai ba za ta gaza sayen guda ba. Makarantar da ba ta da shi kuma tana iya neman taimakon Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa wannan aikin hukuma ne, ba na 'yan makaranta ba, kuma yana iya haddasa husuma da 'yan kasuwa. Lalle akwai Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, wadda ta sha yin gargaɗi a kan kwanon rufi marar inganci. Sai dai jami'inta ba zai tsaya a kowace rumfa ta kowace kasuwar ƙauye ba. Daɗin daɗawa, manufar ba farautar mai laifi ba ce. Ɗan kasuwar Batsari sari ya yi, shi ma bai san kaurin shafen ba, kuma kwano mai araha ba zamba ba ne in mai saye ya san abin da ya saya. Mutum yana da ikon ya zaɓi siriri don ya rufe rumfar da zai tashe bayan shekara uku. Inda cutar take shi ne ya biya kuɗin mai kauri, ko ya rufe ɗakin iyalinsa da siriri yana zaton na dindindin ne. An ce araha ba ta ado, to amma tsada ma ba shaida ba ce sai an auna.

Wajibi ne kuma malami ya koya wa ɗalibai kame baki, wanda shi ma rabin kimiyya ne. Guntu ɗaya ba ya yanke wa bandir hukunci. A masana'antu ma gunta uku ake yanka daga faɗin falle, gefe da tsakiya da ɗaya gefen, a ɗauki matsakaici. In an bar guntu ya jima cikin asid, ƙarfen ma zai ɗan narke, sakamako ya fi gaskiya yawa. In ba a busar da shi sosai ba, ya gaza. Kwanon alminiyam, da mai fenti, da wanda shafensa gaurayen tutiya da alminiyam ne, duk ba su shiga wannan lissafi ba, sai a ware su tun farko.

Samfurin gwaji kuwa ba sai an saya ba. Kafintoci suna zubar da ragowar yanka a duk inda aka yi rufi. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya karɓo, ya rubuta tambarin da ke jikin fallen, da kuɗin bandir, da kasuwar da aka sayo, da ranar. Makaranta ta tanadi littafi guda da za a riƙa shigar da sakamakon kowane aji, shekara bayan shekara, a kuma ƙusance ragowar kowane samfur a jikin katangar makaranta, da lambarsa a ƙarƙashi, inda rana da ruwa za su same shi. Ajin da ya zo bayan damina biyar zai buɗe littafin, ya fita ya dubi katangar, ya gwada lambobin da aka rubuta da tsatsar da ya tarar.