Kada Wutar Bagaden Gida Ta Mutu

 A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu da kowa ya yarda yana da kyau, amma kaɗan ne suke riƙe da shi, wato karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a a gida kowace rana.

A ziyarce-ziyarcen da muke kai wa ikilisiyoyinmu na karkara, mun sha tambayar magidanta wace sura suka karanta da iyalinsu a cikin makon. Sau da yawa sai a sunkuyar da kai. Wani zai shiga ɗaki ya ɗauko Littafin daga ƙasan akwati, a naɗe cikin leda, sabo fil kamar ranar da aka saye shi. Ba domin mu kunyata kowa muke faɗin wannan ba. Mu kanmu masu hidima akwai ranakun da muke buɗe Littafin domin neman wa'azin Lahadi kaɗai, ranmu kuwa yana kwana da yunwa.

Wannan magana ta fi shafarmu, mu da muke 'yan kaɗan a inda muke zaune. Fasto ɗaya yakan lura da majami'u uku ko huɗu, in damina ta yi ƙarfi kuma rafi ya cika, sai a yi makonni ba a gan shi ba. A makarantun gwamnati da dama babu malamin darasin addinin Kirista. Mako ɗaya awa 168 ne. In sujadar Lahadi ta yi tsawo ƙwarai ta ci awa 3, saura awa 165 yaranmu suna gida, suna gona, suna kasuwa. In ba su ji Maganar Allah daga bakin iyayensu ba, daga bakin wa za su ji?

Mun riga mun ga ranar da ƙofar majami'a ta rufu. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi, masu bi suka watse cikin duwatsu da sansanonin gudun hijira, wasu har Kamaru. A 2020 kuma annobar korona ta sa aka hana taron sujada na tsawon makonni. A lokatan nan biyu, gidan da ya saba buɗe Littafin da kansa ya ci gaba da sujada ko a gindin itace. Gidan da ya dogara ga ƙararrawar Lahadi kaɗai ya sha wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi. Ko ana sanyin hunturu, da asuba sun tashi, sau biyar a rana suna barin abin da suke yi su yi salla, yaransu kuma suna girma suna gani. Bangaskiyarmu dabam ce, amma wannan naciya ta isa ta sa mu binciki kanmu. Mu tuna da iyayenmu kuma. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha. Tsofaffinmu da yawa sun koyi karatu da furfura a ka, a ajin baftisma da hasken aci-bal-bal, domin kawai su karanta shi da idonsu. Yau Littafin yana cikin wayar hannu, har da murya, amma lokacin saurare ya gagare mu.

Nassi bai bar mu cikin duhu ba. A Littafin Firistoci sura 6, Allah ya umarta kada wutar bagade ta mutu, firist kuma ya riƙa ƙara mata itace kowace safiya. Duk macen da ta taɓa rufe garwashi da toka da dare ta san ma'anar wannan: hura wutar da ke da rai ya fi sauƙi a kan zuwa roƙon wuta gidan maƙwabta. Daniyel baƙo ne a ƙasar da ba ta san Allahnsa ba, amma sura 6 ta nuna mana cewa ranar da aka kafa dokar hana addu'a bai fara wani sabon abu ba, ya ci gaba ne da durƙusawa sau uku a rana yadda ya saba. Ubangijinmu da kansa, a Markus sura 1, ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, bayan ya yini yana warkar da marasa lafiya. Ga Timoti kuma, wanda mahaifinsa Baheleni ne. Kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ne suka shuka bangaskiya a zuciyarsa tun yana ƙarami. Wannan ƙarfafawa ce ga 'yan'uwanmu mata gwauraye, da waɗanda mazansu ba su riga sun ba da gaskiya ba.

To, yaya za a fara? Muna ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a tsai da lokaci a ɗaure shi da abin da gidan ya riga ya saba yi. Da rani a yi kafin karin kumallo. Da damina, sa'ad da ake sammakon gona, a mai da shi bayan tuwon dare, kafin a naɗe tabarma. Minti 15 sun isa. Wanda ya ce sai ya sami sarari ba zai taɓa samu ba.

Na biyu, a fara da kaɗan. Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66 da surori 1,189. Mai karanta sura 3 kowace rana da 5 ran Lahadi zai gama shi cikin shekara guda, amma wannan nauyi ne ga mai farawa. Markus sura 16 ne, Karin Magana kuwa 31, ɗaya domin kowace ranar wata. Sabon Alkawari surori 260 ne: sura ɗaya a rana, kwana 5 a mako, cikin makonni 52 an kai ƙarshen Wahayin Yahaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, kada a karanta a rufe kawai. A yi tambaya uku: me wannan wuri ya koya mana game da Allah, me ya ce mu bari ko mu yi yau, wa kuma za mu yi wa addu'a? A raira waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. A cikin addu'a a ambaci sunayen marasa lafiya, da mai bishara, da mai unguwa, da maƙwabta, har da masu tsananta mana, gama haka aka umarce mu.

Na huɗu, rashin iya karatu ba hujja ba ce. Yaro ɗan aji huɗu ya karanta, kakansa ya bayyana. Inda babu mai karatu, a sa Littafin na murya a waya a saurara tare. Inda harshen gida ba Hausa ba ne, a karanta da Hausa a fassara wa tsofaffi da ƙananan yara.

Wani zai ce, ashe, wannan ba komawa ƙarƙashin shari'a ba ne? A'a. Ta wurin alheri aka cece mu, yawan surorin da muka karanta ba zai saya mana kome a wurin Allah ba. Ɗa ba ya cin tuwon gidansu domin ya zama ɗa, yana ci ne domin ya rayu. Saboda haka in an tsallake kwana biyu ko uku, kada Shaiɗan ya ce an riga an fāɗi. A buɗe inda aka tsaya a ci gaba.

Kalma ta ƙarshe gare ku ce, dattawan ikilisiya. Ba za mu iya kai garke inda mu ba mu taka ba. Muna roƙo a zaman dattawa na wannan wata ku fara da tambayar juna abin da kowa ya karanta, kafin a shiga lissafin baiko da kuɗin kwanon rufi. Ku binciki gidajen da ba su da Littafi Mai Tsarki, ikilisiya ta saya masu. Zumuntar Mata da matasa su ɗauki nauyin buɗe ajin karatun manya da rani. Sa'an nan kowane dattijo ya zaɓi gida biyu ya zauna da su a tabarma sau ɗaya a mako, har sai sun iya da kansu.

Kada mu jira sabuwar shekara. Yau da dare, bayan tuwo, maigida ya kira iyalinsa ya buɗe Markus sura 1. Ubangiji ya ba mu alherin farawa da ƙarfin daurewa. Amin.