Kafin Maraɗi ta sayi na'urar 3D, a fara sanin ruwan da take sha

Majemin da ke aikin fatar jar akuya a Tasawa ya san cewa fata ba ta karɓar rini yadda ake so sai an jeme ta. Sai ta sha bagaruwa ta yi laushi, sannan jan karan dafi ya zauna a jikinta. Irin wannan tunani ne masana sinadarai ke bi yau wajen haɗa ruwan danƙon da na'urorin 3D ke buga kaya da shi, kuma ya kamata jihar Maraɗi ta sa ido a kai tun yanzu.

Ruwan danƙon yana daskarewa da zarar haske ya taɓa shi. Duk wanda likitan haƙori ya cike masa rami ya haska shuɗiyar fitila a bakinsa ya ga irinsa. Na'urar tana haska siffar abin da ake so hawa-hawa, kowane hawa bai kai kaurin takarda ba, har abin ya fito daga cikin ruwan. Ba'amurke Chuck Hull ya samu shaidar mallakar fasahar a 1986.

Matsalar danƙon da aka saba sayarwa ita ce idan ya daskare, shi ke nan, ya zama roba kurma wadda ba ta riƙe komai. Dabarar da ake yi yanzu ita ce a gauraya sinadaran ta yadda wasu hannuwansu za su rage ba su kama kowa ba. Masu bincike a cibiyar KTH ta birnin Stockholm sun nuna haka a 2011: da gangan suka sa wani sinadari mai ɗauke da farar wuta ya fi abokin haɗinsa yawa, rarar ta tsaya a saman robar tana jiran abin da za a maƙala mata. Hanyoyin maƙalawar, masu kama da sa maɓalli a raminsa, dangin aikin da ya ba Sharpless da Meldal da Bertozzi kyautar Nobel ne a 2022.

Me ya haɗa wannan da manomin gero a Mayayi? Gwaji. Idan aka buga ɗan faranti mai siraran hanyoyin ruwa, aka maƙala masa sinadarin garkuwar jiki da ke gane ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini ɗaya ya isa. Idan aka maƙala wani sinadarin daban, farantin zai iya nuna gubar da ke cikin ruwan rijiya. Mutanen Tibiri ba sa buƙatar dogon bayani a nan: ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa a garin tun daga shekarun 1980, kafin a gano tushen cutar. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ce a lita, abin da ido ko harshe ba sa ganewa.

Gaskiya ne yawancin wannan aiki har yanzu a ɗakunan bincike yake, kuma mai cewa asibitocin karkara sun fi buƙatar magani da ma'aikata yana da hujja. Danƙon ma ba abin wasa ba ne. Ɗanyensa na ƙona fata, sai da safar hannu. Abin da aka buga sai an wanke shi da alkwal. Rana da zafi na ɓata shi tun yana cikin kwalba.

Amma wannan ne ma dalilin da ya sa sayen na'ura kaɗai ba ya wadatarwa. A shirin da ƙungiyar Handicap International ta fara a 2017 na buga kayan gyaran ƙafa, ana auna mara lafiya a Nijar ne, a buga kayan a birnin Lome. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa, an rufe iyakoki, wutar da ke shigowa daga Najeriya ta yanke, kayan asibiti suka yi wuyar samu har zuwa ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Na'urar da ruwanta ke zuwa daga Turai ko China, ranar da hanya ta toshe, ta zama ado a kan tebur.

Akwai ƙofar shiga. Ana riga ana sayar da danƙon da aka haɗa da man waken suya, domin man tsirrai na da gurabun da ake iya ɗaura musu hannuwan da haske ke ɗinkewa. Man gyaɗa bai kai na waken suya yawan waɗannan gurabun ba, amma yana da su, haka ma man auduga da na ridi. Auna abin da kowannensu zai iya bayarwa aiki ne daidai ƙarfin ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, muddin aka ba su ƙaramar na'ura, fitilun gwaji, wutar sola da ba ta ɗaukewa, da malamin da aka tura ya koyo haɗin. Hukumar jihar da hukumomin Tasawa da Mayayi za su iya sa wannan cikin abin da suke nema a wurin masu kawo tallafi, a rubuce, tun kafin a sauke kwalin na'ura ta farko.