An Ƙirga Buhun Shinkafa, An Manta da Mai Ziyara

Ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 2019, ƙasashen Indiya da Pakistan, waɗanda suka gwabza yaƙi fiye da sau ɗaya, kuma kowacce take riƙe da makamin ƙare-dangi, suka buɗe wata ƴar hanya da ba ta kai kilomita 5 ba, domin mabiya addinin Sikh na Indiya su riƙa tsallakawa su ziyarci wurin ibadarsu na Kartarpur. A wannan makon ne aka yi Mauludi a ƙasar Hausa. A wannan makon kuma iyakar Nijar da Najeriya, ƙasashen da shugabanninsu ba sa gajiya da kiran juna ƴan'uwa, tana cikin wata na uku a rufe. Mutumin Magariya da ya saba zuwa Daura Sallar Gani, da tsohuwar Dungass da ta ɗaura niyyar kai ziyara Kano, sai dai su nemi ɗan kabu-kabu ya bi da su ta daji.

Kartarpur gari ne a bakin kogin Ravi, cikin lardin Punjab na Pakistan. Nan Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, ya yi kusan shekaru 18 na ƙarshen rayuwarsa yana noma yana karantarwa, nan kuma ya rasu a 1539. Ɗakin ibadar da aka gina a wurin, wanda suke kira gurdwara, yana cikin mafiya daraja a gare su. Mai shiga yakan tuɓe takalmi, ya wanke ƙafa, ya rufe kai, mace ce ko namiji, sa'an nan a zaunar da shi a ƙasa cikin sahu a ba shi abinci kyauta, ba a tambayarsa addininsa ko asalinsa. A 1947, da Ingilishi suka tashi tafiya, sai suka kawo wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, suka ba shi makonni biyar ya raba ta. Layin da ya ja ya bar mafi yawan mabiya Sikh a Indiya, ya bar mahaifar Guru Nanak da wurin rasuwarsa a Pakistan.

Abin lura shi ne yadda suka ɗauki wannan rashi. Ba su ce ƙaddara ce su naɗe hannu ba. Tun farkon shekarun 1950 suka saka roƙon a buɗe musu hanyar wuraren da aka raba su da su cikin addu'ar da suke yi kullum, ta yadda yaro zai tashi yana jin maganar safe da yamma. A garin Dera Baba Nanak, ta ɓangaren Indiya, an yi wani dandamali aka girka madubin hangen nesa, tsofaffi suna bin layi don su hango farar ƙubba daga nesa su koma gida. Haka suka yi ta naci har gwamnatocin biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar ziyarar wuraren ibada a 1974, aka tayar da zancen hanyar Kartarpur a 1999, aka rattaba hannu a watan Oktoba 2019: mutum 5,000 a yini, ba biza, sai fasfo da dala 20, a je da safe a dawo da yamma. Ba Sikh kaɗai suka ci moriya ba. A 2022 duniya ta ga hoton wasu dattawa biyu, wa da ƙane, suna kuka rungume da juna a farfajiyar wurin, bayan shekaru 74 da rabuwa.

Wanda ya san tarihin kudancin Damagaram ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane kamannin. Bayan da masu jihadi suka ci Daura a farkon ƙarni na 19, Sarki Abdu ya fita da jama'arsa, gidan sarautar ya rarrabu, wasu a Zango, wasu a Ɓaure, wasu a Magariya. Zango da Ɓaure yau suna jihar Katsina, Magariya tana jihar Damagaram, alhali gida ɗaya ne. Dungass da Waca, tsofaffin ƙasashen Sosebaki, suna fuskantar Gumel da Maigatari, aure da kasuwa da karatun allo sun cuɗe su tun kaka da kakanni. Ba a ce zamanin da aljanna ne ba. Damagaram da Kano sun sha kai wa juna hari, kuma talakan da ke tsakaninsu ya ji a jikinsa. Amma ko a lokacin, almajiri da mai ziyara da alhaji mai tafiya gabas suna da wata alfarma da mayaƙa suka sani. Layin da ya ratsa wannan yanki an tsara shi ne a Turai cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kuma babban abin da ya dami Faransa shi ne ta sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi. Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi suka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Ba a tambayi wani liman ba.

Sakamakon ya yi kama da na Punjab har abin ya ba da mamaki. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, wadda yau take cikin Nijar, hubbarensa kuwa yana Sakkwato. Hasumiyar Gobarau da kushewun Wali ɗan Marina da Wali ɗan Masani suna Katsina. Maukibin Ƙadiriyya a Kano ake yi. Ta wancan ɓangaren kuma, ɗan Najeriya da ke son Mauludin Kiyota, ko ganin masallacin Agadas mai doguwar hasumiyar ƙasa, dole ya ƙetaro. Duk inda mutum ya tsaya a kan wannan layi, rabin abin da yake girmamawa yana bayan shinge.

Za a ce ai wannan iyaka ba irin ta Indiya da Pakistan ba ce, ba waya mai ƙaya, ba nakiya, kuma tun 1979 ƙungiyar CEDEAO ta yarda ɗan yankin ya shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. Gaskiya ne. Sai dai a duba abin da wannan takarda ta hana. Ba ta hana gwamnatin Janar Buhari rufe iyaka a 1984 ba, cikin tsakiyar fari, rufewar da ta kai har 1986, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa, shi da yake ɗan Daura. Ba ta hana rufewar watan Agusta 2019 ba, wadda aka yi da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe Maigatari ba sai Disamba 2020. A takarda an ce mai cikakkun takardu zai wuce, amma kowa ya san yawan ƴan ƙauyen da ke da su. Mafi muni, ita CEDEAO ɗin da kanta ce ta ba da umarnin rufewa ranar 30 ga Yuli 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka yanke wuta, aka tsayar da motoci, Mauludin shekarar ya zo ya wuce ƙofa tana garƙame, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A duk waɗannan lokuta an yi ta muhawara a kan shinkafa da man fetur da wake da dabbobi, masana suna lissafin hasarar ƴan kasuwa. Mai ziyara bai shiga lissafi ba, domin abin da yake ɗauke da shi ba ya hawa sikeli.

Akwai wata amsa da ake bayarwa da murmushi, wadda ta fi duk sauran rashin kunya: wai ai ba a taɓa rufe wannan iyaka da gaske ba, ɓarauniyar hanya ta fi dubu. Wane ne ke bin ta? Saurayi mai ƙarfi, da ɗan fasa-ƙwauri wanda dama sana'arsa ke nan, da ɗan bindiga wanda ba ya neman izinin kowa. Wanda rufewa ke tsayarwa shi ne dattijo mai ciwon gwiwa da ba zai jure awa biyu a kan babur cikin rairayi ba, da mata masu goyo da suka yi adashi shekara guda don su ɗauki hayar mota, da malamin da mutuncinsa ba zai bar shi ya yi ƙarya a gaban yaro mai bindiga ba. Ke nan doka ta tace mutane, ta bar wanda aka ce ana tsoro ya wuce, ta riƙe wanda ba ya cutar da kowa. Idan kuma mai ziyara ya daure ya bi dajin, ya zama mai laifi a kan abin da kakansa ya yi da rana tsaka, kuma kuɗin guzurinsa ya ƙare a hannun masu tare hanya iri-iri. Ƙasar da ta mayar da tsofaffinta ƴan sumoga don su je su yi addu'a ba ta da bakin yin alfahari da zumunci.

Wasu malamai za su ce dama ziyarar kushewa da bikin Mauludi ba su da tushe, su kawo hadisin masallatai uku da aka keɓe da ɗaura niyyar tafiya. Wannan saɓani ne tsohon gaske, malamai sun yi rubutu a kansa ta kowane ɓangare, kuma wurinsa zaure da makaranta. Ma'aikacin duwan ba mufti ba ne, ba kuma don hadisi aka rufe Tinkim da Babban Mutum ba. Shingen da ya tare ɗan ɗariƙa mai zuwa maukibi shi ne ya tare ɗan Izala mai zuwa wa'azin ƙasa, ya tare Kirista mai zuwa taron coci, ya tare mai zuwa jana'izar mahaifiyarsa.

Ba a ɓoye cewa hanyar Kartarpur ita ma ba ta tsira ba. An rufe ta a 2020 saboda annobar korona, aka buɗe a Nuwamba 2021, aka sabunta yarjejeniyarta a Oktoba 2024, sa'an nan Indiya ta dakatar da ita a Mayu 2025 da rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. Mai neman hujjar zama zai ce ga shi nan, takarda ba ta hana komai. Amma da aka dakatar da ita, shugabannin Sikh sun sami abin da za su nuna da yatsa: ga yarjejeniya, ga rana, ga sa hannu, a cika alkawari. Rufewar ta zama abin kunya da gwamnati take neman uzuri a kansa. Mutumin Yekuwa ko Dogo-Dogo da aka mayar daga bakin iyaka ba shi da wata takarda da ta ambaci ziyararsa da suna, ba shi da ofishin da zai kai kuka. Tun daga 29 ga Janairu 2025, da ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, ko ƴancin 1979 ɗin ya koma rataye a kan sanarwar da ta ce za a ci gaba da shi har sai an ga hali. Abin da aka bayar da sanarwa, sanarwa ce ke ƙwace shi.

Laifin ba na gwamnatoci kaɗai ba ne. Sikh sun sami hanyarsu ne domin sun shekara saba'in suna nema da babbar murya. A nan kuwa, masu rawani da shehunan ɗariƙu da shugabannin ƙungiyoyin addini, waɗanda su kansu ba a tsayar da motocinsu a shinge, sun fi son su yi waya a asirce a buɗe wa tawagarsu, su bar mabiya su san dabarar da za su yi. Ƴan kasuwa sun fi su wayo: sun matsa har aka yi wa hanyar Kano da Katsina da Maraɗi suna da tsari da tarurruka. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan a Yamai tun 1971, kuma ba ta rataya a wuyan CEDEAO ba. Babu abin da ya hana Sultan na Damagaram da sarakunan Daura da Gumel da Katsina da Kano, tare da hakiman Magariya da Dungass da Waca, su kai mata takarda guda mai shafi ɗaya: a ambaci ƙofofi biyu ko uku, Tinkim da Maigatari a cikinsu, da ba za a rufe wa mai ziyara da mai zuwa jana'iza ba ko wane irin saɓani ya shiga tsakanin Yamai da Abuja; a karɓi katin ɗan ƙasa ko shaidar mai gari a madadin fasfo; a bincike jaka da mota yadda aka ga dama, a rubuta suna da ranar dawowa; a kuma liƙa kuɗin wucewa, in akwai shi, a jikin allo da Hausa da ajami, inda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta sa jikanta ya karanta mata.