Fuska 49 a Allo, Wa Ke Biyan Kuɗinsu?

Tun 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida har masu shiga tarukan Zoom a rana guda suka kai miliyan 300 a watan Afrilu, wani ra'ayi ya zauna daram: taro bai cika taro ba sai kowa ya kunna kyamara, allo ya cika da fuskoki. Kamfanoni suka shiga tsere, Zoom da Google Meet da Teams duk suka kai ga jera mutum 49 a allo ɗaya. Ana kiran wannan ci gaba. Ga mai sayen data da guminsa, zalunci ne.

Asalin maganar tana can inda mahalarta ba sa gani. A tsohon tsari akwai babbar na'ura a tsakiya, wadda ake kira MCU. Ita ke karɓar bidiyon kowa, ta warware shi, ta haɗa fuskokin cikin hoto guda, ta sake matse shi daidai ƙarfin layin kowane mahalarci. Mai ƙaramar waya ya samu nasa, mai babban ɗakin taro ya samu nasa. Aikin na da tsada, yana kuma kawo ɗan jinkiri, amma mai na'urar ne ke ɗaukar nauyin.

Tsarin da ya mamaye kasuwa yanzu, SFU, kamar ɗan aike yake: ya karɓa ya miƙa, ba ya haɗa komai. Wayar mahalarci ce za ta karɓi bidiyoyi da yawa a lokaci guda, ta warware kowanne, ta jera su da kanta. Shi ya sa take zafi a hannu, caji ya zube kafin a kai rabin ajanda. Gaskiya ne tsarin ya rage jinkiri, ya sauƙaƙa rufe sirrin taro, kuma yana iya zaɓa wa mai raunin layi hoto mara nauyi. Amma ragin da kamfani ya samu, a aljihun wani ya fita.

Alƙaluman Zoom da kansa sun nuna haka. Kallon fuska 49 na buƙatar megabit 4 a daƙiƙa, wato kusan gigabait 1.8 a awa ɗaya. Murya kaɗai ba ta wuce kilobit 80 a daƙiƙa, ƙasa da megabait 40 a awa. Malamar da ke shiga taron bita daga Gusau, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, ta san bambancin.

Ko masu layi mai ƙarfi ba su tsira ba. A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya lissafa yawan ido-da-ido da kallon kai a allo cikin abubuwan da ke gajiyar da mahalarta.

Ya kamata shugabannin taro su daina tilasta kunna kyamara. A nuna mai magana shi kaɗai, sauran su saurara, a tura takardun taro tun kafin a zauna.